Na Kai Gansakukar Hauwa Miri

Ƙofar Ran

Bayan sallar asuba na fita da kwalabe uku na koren ruwa. Na 'yata Hauwa ne. Shekara biyu tana kiwon ƙananan gansakuka don a tatsi man da zai tada inji. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, fanka da fitilar da take kunna musu sun tsaya, ita kuma tana jego. Sai ni zan kai su ɗakin gwaji a Miri, ni da na daɗe ina kiran karatunta wasa da ruwan kwata. Allah Ya yafe mini.

"Baba, haske gansakukar take so kafin ta tara mai, amma banda zafi," in ji ta. "In ruwan ya kai ɗumin jikin mutum, aikina ya mutu."

Ɗan Iya

A nan tayar keke-napep ɗin da na hau ta sace. Kafin mai faci ya buɗe, rana ta ɗago. Na jiƙa buhun algarara da ruwan butata, na naɗe kwalaben yadda muke wa tulu.

"Baba, maganin basir ne?" in ji direba.

"Man mota ne."

"To zuba mana, mu huta da layi."

Ban iya dariya ba. Da muka tashi na rungume biyu, ta ukun na cusa ta bayan kujera.

Hanyar Miri

A shingen bincike jami'an tsaro suka ce in kwance buhun. Na kwance, rana na dukan kwalaben. Ɗayansu ya sansana, ya ce mu wuce.

Ɗakin gwajin yana da wutar sola. Madam Rifkatu, mai kula da shi, ta sa ma'aunin zafi a biyun farko, ta gyaɗa kai. Da ta taɓa ta ukun sai ta janye hannu.

"Baba, ina ka ajiye wannan?"

Ashe injin keken a ƙarƙashin wurin yake. Ruwan har ya fara komawa rawaya.

Gida

Na iso da azahar, na tsaya a ƙofar ɗakin Hauwa, na kasa shiga.

"Nawa suka kai, Baba?"

"Biyu. Ɗaya ni na dafa ta."

Ta gyara riƙon jaririn da ke tsotso. Can ta ce, "Biyu sun isa iri. Shigo ka sha ruwa."

Na gode wa Allah, na gode wa direban da ya jira ni har na fito.