Tsere da Hadari Zuwa Gonar Gwaggo

Yamai zuwa Baleyara

Ana kiran asalatu na bar gida, ba komai a jakata sai safar hannu da kwalba mai murfi da muka tafasa a ɗakin bincikenmu na jami'a. Ƙanena Idi ne ya bugo daga ƙauyenmu, arewa da Filinge: wani baƙin dutse ya faɗo gonar Gwaggo Tani da rana tsaka, da rugugi, alhali sama tas. Ya ce marmashewa yake kamar gawayi.

Ƙurar irin wannan dutsen masana suka aika na'ura ta ɗebo daga sararin samaniya, suka tarar a ciki da sinadaran da jikin mai rai ke ginuwa da su. Mu ga shi Allah ya kawo mana har gona. Sai dai yana tsotse duk abin da ya jiƙa shi, ruwan sama ɗaya ya isa ya ɓata binciken. Na ce Idi ya kifa masa kwano, kada kowa ya taɓa. Damina kuwa tana bakin ƙofa.

A shingen Baleyara wani soja ya zaro kwalbar, ya juya ta.

"Me ke ciki?"

"Babu komai, yallaɓai."

"Mutum ya ɗauki babu komai har Filinge?"

Ya kai hannu murfin. Na roƙe shi ya bari, don in ya buɗe, tsabtarta ta tafi. Sai da ya ga katin aikina ya miƙo mini, yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Baleyara zuwa Filinge

Wannan hanyar ba a hira a kanta yanzu, saboda 'yan bindiga. Direban motarmu na jan carbi da hannu ɗaya. Kowa idonsa na daji, ni nawa na gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Na nemi Idi, babu layi. Tsoro biyu ya kama ni, kuma ina jin kunyar faɗin wanda ya fi girma.

A Filinge ban tsaya cin abinci ba. An hana hawa babur, sai amalanken jaki, jakin kuma bai san gaggawa ba.

"Malam, wanga hadari ba shi barin mu," in ji mai amalanken.

"Kora dai, don girman Allah!"

Ƙauye

Mun shiga da la'asar sakaliya, iska na tashi, ɗigo bai sauka ba. Na yi hamdala. Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni bayan rasuwarsa, ta ja ni ɗakinta ta ɗaga faifai. Dutsen na kwance a ƙoƙo, tsundum cikin nono.

Na juya gare ta.

"Gwaggo, ba na ce kada a taɓa ba?"

"Ba wanda yas sa mai hannu, da ludayi munka ɗauko shi. Abin da aradu taj jeho, wa ka ɗauka ba a sanyaya shi da nono ba? Idi yac ce kai za ka ɗauka. Ubanka ya tahi, in bari kai ma ka bi shi?"

Saniya ɗaya gare ta, kuma tun ranar da dutsen ya faɗo nononta take sake masa. Na sa safar hannu na tsamo shi yana ɗiga, na saka a kwalbar, ita tana yi mini addu'a. A lokacin ruwa ya kece.

Komawa

Washegari na iso Yamai lafiya. Shugaban ɗakin bincikenmu ya buɗe kwalbar, ya sansana, ya ce duk wata alamar rai da muka samu a ciki, ta saniya ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direba da mai amalanke. Gwaggo ta bugo tana tambaya ko dutsen ya yi amfani. Na ce mata ya yi.