Ranar da Auta Ta Ci Abincin Restoran

Autata ba ta cin gujiya, wato gyaɗa. Tun tana rarrafe muka gane haka, ranar da ta lashi ƙuli-ƙuli leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya riƙa fita da ƙyar, muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya hana mata gujiya da man gujiya da duk abin da ya taɓa su. A Yamai kuwa wannan ba ƙaramin hani ba ne, don yajin tsire da miyar taushe da ƙosan bakin hanya duk da ita ake yi. Haka yarinyar ta kai shekara bakwai ba ta taɓa cin abin da ba daga tukunyata ya fito ba.

Washegarin wata Sallah babansu ya ce mu shirya, zai kai mu wurin wasan yara. Gidan ya kaure da tsalle. Daga unguwarmu Harobanda muka ɗauki taksi, muka haye gada, yara uku a baya suna ta musun abin da kowa zai fara hawa. Wurin ya cika maƙil, kiɗa na tashi, ko'ina sababbin kaya. Auta ta hau dokin da ke zagayawa, ta shiga motocin da ke karo da juna, ta yi dariya har da hawaye.

Da yunwa ta kama su, sai ƙafafu suka nufi restoran ɗin da ke cikin wurin. Na fara buɗe jaka zan ciro mata dambun da na zo da shi, ta riƙe hannuna.

"Mama, yau ni ma ina so a tambaye ni abin da zan ci."

Na dubi babanta, ya dube ni. Na ce bari in gwada.

Mai kawo abinci ya tabbatar mini babu gujiya a firit, wato soyayyen dankali, da kaza. Da na tambayi man da ake suya da shi, ya ce gaskiya bai sani ba, ya kai ni bakin madafa. Mai girkin wata dattijuwa ce, Hausarta da karin Zabarmanci. Ta saurare ni har na gama, ta jawo jarkar mai, muka shinshina tare. Na gujiya ne. Zuciyata ta karye, har na juya, ta tsayar da ni.

"Ɗiyata, in kun kawo wani mai, ni ina da wuta."

Ban taɓa ganin babansu ya yi sauri irin na ranar ba. Da babbar rigarsa ya fita ƙofa yana neman butik, ya dawo yana haki da kwalbar man waken soya. Dattijuwar ta ɗauko kasko ta wanke da sabulu a gabana, ta sake wankewa, ta fere sabon dankali, ta ware cinyar kaza wadda yaji bai taɓa ba. Gishiri da albasa kawai ta saka.

Na koma na zauna. Mai kawo abinci ya zo, ya wuce babansu, ya wuce yayyenta, ya tsaya gaban auta ya tambaye ta me madam za ta ci. Ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, ta ce firit da kaza, da wata murya da ban san tana da ita ba. Yayyenta suka riƙa tafi a kan tebur.

Loma ta farko na ƙura wa leɓɓanta ido, maganinta yana cikin tafina. Ta ci ta biyu, ta ci ta uku, ta tauna ƙashin, ta sha ruwa. Muka jira. Babu kumburi, babu tari, sai maiƙo a haɓarta. Ta tashi da kanta ta je bakin madafa ta yi godiya, dattijuwar ta shafa kanta ta ce ta dawo Sallah mai zuwa.

Daɗin da na ji ne ya sa na yarda da abin da a ranar lafiya ba zan yarda ba. Yaran suka ja ni zuwa babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, aka kulle mu a kujera ɗaya ni da auta. Da muka kai ƙololuwa na hango kogi da kwalekwale da rufin gidaje har can gefen unguwarmu. Ina ta salati na ƙanƙame ƙarfe, ita kuwa tana bubbuga bayana tana cewa kada in ji tsoro, tana riƙe da ni.