Jitar da Muka Haɗa a Tsakar Gida

Mijina mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Haɗeja. A shekarar da aka canja hannun tuƙi ya tafi Kano sayen kayan gyara, ya dawo da wata magana da ta hana shi sakat. Wai ya ga makaɗa a wani biki, cikinsu akwai mai jita doguwa mai tsirkiya huɗu, suna ce mata bes.

"Amarya," haka yake kirana duk da mun shekara biyu da aure, "ba da kunne ake jinta ba. A ƙirji take sauka, kamar an buga turmi a gidan maƙwabta."

Na ce, "To, Malam, sai ka saya."

Ya ce, "Ni zan yi ta."

Lokacin ina da ciki wata shida, damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malala cikin fadama. Da rana nakan zauna a inuwar rumfa, barci yana ɗaukata yana saki, ina kallonsa yana aiki. Gangar jikin jitar daga guntun maɗaci ya yanko ta, ragowar wani kwalekwale da masassaƙa suka gama a bakin ruwa. Wuyan kuma ƙirya ce, mai taurin tsiya. Kwana da kwanaki yana goge ta da fasasshiyar kwalba, garin itacen yana sauka a kan ƙafafunsa ja-ja. Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen maɗaci, sai in ga kaina a rumfar nan, kaji suna tono a gefen tabarmata.

Wurin da ya cije shi ne layukan ƙarfe da ake jerawa a wuyan jita, waɗanda ke nuna wa mutum inda zai danna. Ya zana da fensir ya goge, ya sake zanawa, tazarar ta ƙi fita. Ran nan ya ajiye wuyan a cinyarsa ya yi tagumi.

Na ce, "Mai goge yana da layi a gogensa?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Ko mai gurmi? Ai yatsa ne ke neman muryar har ya same ta."

Ya ɗauki tsumma ya share fensir ɗin tas, ya shafa wa itacen man kaɗe, ya bar shi sumul.

Tsirkiyoyin wayoyin birki ne da na kuloci na babur, ya zaɓo su wata ta fi wata kauri. Saura abin da zai ɗauki motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. Ya ce wannan sai maganaɗisu, a naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi. Ya ciro maganaɗisun daga matattun lasifikoki, wayar kuma daga cikin tsohuwar rediyo. Amma duk sa'ad da ya fara naɗi, sai ta tsinke masa. Yatsunsa sun yi kanta.

Na ce ya kawo. Muka ɗaura maganaɗisun a jikin keken ɗinkina, wurin da nake naɗe zare, ina taka shi a hankali, wayar tana wucewa tsakanin yatsuna biyu. Ba na ma ganinta sai in ta gifta cikin hasken rana, ta yi ƙyal ta ɓace. Yini uku na yi ina wannan. Ƙafata tana tafiya ita kaɗai, ni kuwa hankalina yana can Miga, garinmu, ina ganin shinkafa tsaye cikin ruwa har wuya da fararen balbelu a kan bayan shanu. Sau ɗaya kawai ta tsinke mini.

Ranar gwaji Laraba ce, bayan la'asar. Unguwarmu ba wutar lantarki, sai ya aro batirin mota, ya haɗa da cikin wata babbar rediyo, lasifikar kuma ya kifa ta a bakin tsohuwar tukunya. Ya ja tsirkiyar farko, shiru. Ya juya wata waya, ya tofa bisimilla, ya sake ja.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Ruwan randa ya yi zobe-zobe. Kwanukan da ke jere a ɗakina suka amsa a hankali. Sai abin da ke cikina ya motsa, ya juya gaba ɗaya, kamar mai gyara kwanciya. Na dafe cikina da hannu biyu.

"Lafiya?" in ji shi, ya saki jitar.

"Lafiya lau. Ja kuma."

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta kan danga da wanki a kafaɗa, ta kwashe shanyarta tana zaton hadari ne ya taso. Da ta ga abin da ake yi, ta ce, "Ɗan nan, kai da Allah ya ba sana'a, roƙo kuma za ka koma?"

Ya ce, "A'a, Inna. A gida za ta zauna."

A gida kuwa ta zauna. Bai taɓa fita da ita ba. Gaskiya ma bai iya ta sosai ba, yatsansa yakan wuce muryar ko ya kasa kai mata. Amma da yamma, in kwaɗi suka fara kuka daga fadama, yakan zauna yana jan tsirkiya ɗaya ɗaya, yana bin su.

Bayan na haifi 'ya mace na yi arba'in, wata rana ya tafi Auyo gyaran rediyon wani mai shago. Jaririyar ta ƙi barci. Na goya ta, na haɗa wayoyin yadda nake ganin yana yi, na ɗora jitar a cinyata. Nauyi gare ta. Na danna tsirkiya mai kaurin, na ja yatsana ƙasa a kan itacen, muryar ta zame ta biyo ni kamar kwalekwale a ruwa mai sanyi. Na yi ta nema har na samo waƙar da mahaifiyata take yi in tana niƙa, gaɓa bayan gaɓa. Numfashin yarinyar ya yi nauyi a bayana.

Ban ji shigowarsa ba. Da na ɗaga kai yana tsaye a bakin zaure, wandonsa jiƙe har gwiwa daga tsallaken ruwa, akwatin kayan aikinsa a hannu. Na yi sauri zan ajiye, kunya ta kama ni.

Ya ce, "Tun ɗazu nake nan, na kasa sallama. Fara daga farko, in ga inda kike sa yatsa."