Ranar da Tumbina Ya Zama Injin

Har gobe ban manta da wata Laraba a shekarun tamanin ba, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kaduna ta Kudu. Shugabarmu Dakta Ladi ce, 'yar Filato. Aikinta rarrabe ƙwayoyin cuta: ta raine su, ta shafa musu launi, ta leƙa a madubi mai ƙara girman abu, ta faɗi danginsu. Sai an san dangin ake sanin maganin.

A makon nan gudawa ta kwantar da yara a Unguwar Mu'azu, maganin da ake ba su kuma ba ya ci. Muka ɗebo ruwan rijiyarsu muka shuka a 'yan kwalabe. Ƙwayoyin nan 'yan gata ne, ba sa tsirowa sai sun kwana a injin mai ɗumi irin na jikin mutum. Muna sa su, aka ɗauke wuta. Janareto kuwa tun bara yake jiran makanike.

Dakta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kan tumbina.

"Malam Tanimu, Allah bai ba ka wannan a banza ba. Kwalaben nan a jikinka za su kwana."

"Haba Madam, cuta ce fa!"

"Na toshe su da filasta. Ni ma na ɗaura biyu, amma ba ni da fili."

Ta ɗaure min shida da bandeji, ta hana ni wanka. Wallahi na tsorata. A bas ɗin Trikania na rungume ciki kamar mai wata tara, ina roƙon kada a matse ni. Ina shiga gida matata Hajara ta ji ƙarar kwalabe.

"Malam, giya ka fara?"

Da na yi mata bayani sai ta ce gara giyar. Ta fitar min da tabarma zaure, ta turo tuwo da muciya. Salla ma a zaune na yi.

Washegari na Dakta biyun ko alama, nawa kuwa biyar sun yi dumu-dumu. Daga su ta gano dangin, aka canja magani, aka rufe rijiyar. Yaran suka tashi.

A nan na gane cewa a aikinmu ba injin ake jira ba, mai tausayin mara lafiya ake nema. Rajistarmu tana nan, ku duba. A gurbin lambar injin, Dakta ta rubuta da hannunta: "Tanimu."