Sandar Taurari a Bangon Makaranta

Duk garin nan Baba Burushi ake kiransa. Allon aski, ƙofar kemis, bayan mota, babu inda fentinsa bai taɓa ba. Da injin buga fosta ya shigo, sai aka riƙa kankare ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, hannunsa kuma ya fara rawa, ya jingine tsani. Aiki guda ya rage masa: gungun taurarin da ranarmu take ciki, wanda ya zana a bangon ɗakin kimiyya na sakandare, da hannuwa masu murɗawa da dunƙulen ƙwallo a tsakiya.

Autarsa ce ta zo da tashin hankali. Ta fara koyarwa a makarantar ke nan, ta dawo da rana ta zauna kusa da shi.

"Baba, shugaba ya ce za a shafe bangon. Zanen ba daidai yake ba."

"Ba daidai ba? Daga littafinsu fa na kwafa!"

"Littafin ya tsufa, Baba. Tsakiyar ba ƙwallo ba ce, sanda ce ta tsofaffin taurari, hannuwan daga bakinta biyu suke fita. In ka dube ta daga gefe, cikinta kamar kwanson gyaɗa yake, ga kumburi biyu, ga ƙugu."

Ta zaci fushi zai yi. Ina! Tsohon nan sai ya miƙe tsaye, idanu na ƙyalli.

"Ke 'yar nan, muna ciki, wa ya fita ya leƙo?"

"Ba wanda ya fita. A karkace take da mu. Taurarin bakin da ya fi kusa sun fi haske."

"Allahu akbar! Ai haka muke zana titi, na kusa babba, na nesa ƙarami!" Har da tafi. "Tana juyawa?"

"Tana juyawa, Baba."

Washegari da hantsi ga shi a makaranta da gwangwanin fenti ruwan ɗorawa da na ja. A dokarsa, aikin da ya sa wa hannu ba ya koma masa, ko wa ya roƙa. Amma ya ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, ba ni bangona zuwa la'asar."

Ya hau tsani, ɗalibai na ihu a ƙasa. Ƙwallon ya shafu ba wuya. Da ya zo jan sandar, burushi ya hau rawa, layin ya karkace, fenti ya zubo. Ya sake, ya sake karkacewa. Wallahi tausayi ya kama kowa, ihun ya mutu.

Auta ta tattare mayafinta, ta jawo tebur, ta hau, ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ni na san inda za ta bi, Baba, kai ka san yadda ake ja."

Suka ja tare, tun daga wannan baki har wancan. Bai sauko ba. Ya juyo yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"To Malama, nuna min inda zan ɗiga mu."