Mutumin Da Na Ce An Bincika

Ni na buɗe zauren da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. A shekarun da manyan wayoyi suka cika Gummi, har mai tallar fura tana shafa gilashi, ina koyarwa a wata firamare, kuma ina da baki, wannan kowa ya shaide ni. Zawarawa sun yi yawa a danginmu da unguwarmu, wasu mutuwa ta raba, wasu saki, ga shi kunya ba ta barin mace ta ce tana son aure. Sai na ce bari in faɗa a madadinsu. Na buɗe zauren haɗa aure a waya, mata a nasu, maza a nasu, ni a tsakiya.

Tsarina mai sauƙi ne. Namiji ya turo hotonsa da sana'arsa da garinsu, da lambar wani dattijo da ya san shi. In na gamsu, sai in sa bayaninsa a zauren mata, in rubuta a ƙasa: an bincika. Wadda ya yi wa sai ta yi mini magana a gefe, in haɗa su. An ɗaura aure ta hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har kaina ya soma kumbura. A gidan biki ni ake shimfiɗa wa tabarma ta daban, ni kuwa ba na cewa a'a.

Akwai ƙanwata a Bukkuyum, 'yar ƙanwar Inna ce, amma ɗaki ɗaya muka tashi. Mijinta rami ya rufta masa a wurin haƙar zinare, ya bar mata 'ya'ya uku da injin markaɗe. Injin nan shi ne tuwonsu, shi ne sabulunsu, shi ne kuɗin makarantar yaran. Ba ta nemi shiga zaurena ba. Ni na matsa mata, na ce mace kamar ke ta zauna tana hira da inji har tsufa? Ta yi dariya ta ce in yi yadda na gani.

Ana nan sai wani mutum ya shigo zauren maza da ladabi. Ya ce shi baƙo ne, yana sayen zinare a Bagega, matarsa ta rasu, kuma mai 'ya'ya yake so saboda ta san ciwon rayuwa. Wannan bai zama abin mamaki ba, don ƙasar Anka a lokacin cike take da baƙi masu neman arziki, kowa da garinsu. A wurinmu baƙo ba ya rasa mai masauki, kuma in ana son sanin halin baƙo, mai masaukinsa ake tambaya. Da na nemi lambar mai masaukin, ko minti biyar ba a yi ba ya turo.

Da can in abin na nesa ne nakan je da ƙafata, ko in sa wani ɗan'uwa ya je. Amma shekarar hanya ta lalace, kowa sai ya yi tambaya kafin ya hau babur, maigidana kuma ya ce ba inda za ni saboda auren wasu. Sai na buga waya. Wani tsoho ya ɗauka, da tarinsa da doguwar gaisuwarsa, ya tambayi gida ya tambayi damina.

"Wanga yaro?" in ji shi. "Shekara ukku shina gidana, Malama, ban taɓa jin muryatai sama ba. Sahun hwarko kullum. Wadda duk ta same shi ta dace."

Harshen tsohon irin namu ne, har na ji kamar kawuna ke magana. Na kashe waya na rubuta kalmomina biyu.

Ƙanwata ta ce ya yi mata, na haɗa su, wata bakwai suka yi suna waya. Bai taɓa neman hotonta ba lulluɓi ba, bai taɓa faɗin abin da za a ji kunya ba. Ya san sunan yaranta ɗaya bayan ɗaya, in ƙaramar ta yi zazzaɓi sai ya bugo da safe ya ji yadda ta kwana. Ya nemi lambar waliyyinta ya gaishe shi, waliyyin ya yi ta sa albarka. Ƙanwata ta yi kyau, ta koma sa lalle, muryarta a waya ta canza. Ina tsokanarta da amaryar mai zinare, tana ce mini in bari don Allah. Sau biyu yana sa ranar zuwa yana ɗagawa saboda hanya, ba wanda ya ga laifinsa, tunda mu ma hanyar ce ta hana mu zuwa ko ta'aziyya.

Abin da ya biyo baya ban ji shi ba sai da ya wuce. Ya ce mata dutse mai kyau ya fito, kuɗinsa kuma sun maƙale a hannun wani, in bai biya a kwana biyu ba za a sayar wa wani dila. Bai roƙe ta ba. Ajiyar zuciya kawai ya yi ta yi, yana cewa da wannan ya so ya haɗa lefe. Ita ta ce za ta taimaka, shi ya ƙi, ita ta nace. Ta sayar wa makwabciyarta injin, ta tura kuɗin a asusun da sunan ba nasa ba ne, wai na ƙanensa. Bayan kwana uku layinsa ya mutu, na mai masaukin ma haka.

Ranar kasuwa ta zo Gummi ta same ni a ɗakin Inna, ta ba da labarin kanta a ƙasa, ba ta yi kuka ba. Na fara faɗa, don ni in raina ya ɓaci bakina ke riga ni. Na ce wace irin mace ce za ta sayar da abincin 'ya'yanta saboda muryar da ba ta taɓa ganin mai ita ba?

"Yaya, ke kinka ce an bincika," ta ce.

Inna ta daina tsinkar zogalen da ke gabanta ta dube ni. Ita ce ake aika binciken aure a danginmu tun muna yara.

"Wa ya ba ki lambar mai masaukin?"

Na ce shi.

"To shi kinka tambaya. Ni in anka aike ni, ba ni zuwa ga wanda anka nuna min. Gidan makitsiya nika zama, ko in tsaya sayen daddawa ga makwabta, in bar magana ta zo da kanta."

Na ji haushi ƙwarai, irin haushin da mutum ke ji in an faɗa masa gaskiya a gaban ƙanensa. Na ɗauki al'adar Inna na cire mata ƙafa, na bar mata suna kawai, sannan na buga mata hatimi.

Bayan mako guda na lallashi maigidana, na shiga mota zuwa Anka, na hau kabu-kabu zuwa Bagega da hoton a wayata. Na nuna wa masu shayi, na nuna wa masu injin niƙa dutse, na nuna wa limamin wata unguwa da mata masu sayar da abinci. Ba wanda ya taɓa ganinsa, sunan tsohon ma ba wanda ya sani. Tafiyar da na ji tsoro ba ta ci mini komai ba sai yini ɗaya da ciwon baya.

Ƙanwata ta roƙe ni kada in faɗa a zaure. Na yi mata alkawarin ba zan kama sunanta ba, amma nawa dole in kama. Na sa hotonsa, na ce wannan ɓarawo ne, kuma ni na shigo muku da shi ban bincika ba. Kafin la'asar mata biyu suka biyo ni gefe. Ɗaya ya karɓi kuɗin magani a hannunta, ɗayar tun wata biyu ta ji zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, amma ta yi shiru, wai wace ce ita da za ta ƙaryata Malama. Da ta yi magana a lokacin, da injin yana nan. Ni na gina wurin da mace za ta ji nauyin faɗa mini ana cutarta, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ban rufe zauren ba, amma na sauke kai. Wanda ba mu da ɗan'uwan da zai taka ya ga ƙofar gidansa, ba ya shiga. Duk Juma'a nakan maimaita musu cewa wanda ya kawo zancen kuɗi kafin a gan shi ido da ido, ko da ajiyar zuciya ce, a faɗa mini, ba wadda zan yi wa dariya. Maza da yawa sun yi fushi sun fita, ban bi kowa ba.

Da kaka na je Bukkuyum da abin da na ɗauka a adashe, don mu fara tarin kuɗin wani injin. Ban same ta a gida ba, yara suka nuna mini makwabta. Tana tsaye a layi da bokitin jiƙaƙƙen wake, tana jira a markaɗa mata a injinta, kuɗin markaɗen a dunƙule a hannunta. Ta koma suyar ƙosai. Na tsaya kusa da ita, ƙarar injin ta hana mu magana, na gode wa Allah da hakan.

A hanyar komawa na karɓi bokitin, na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni. Muka yi 'yar tafiya kafin ta sake magana.

"Injin za a samu wani, in Allah ya so. Amma Yaya, wata bakwai kullum akwai mai tambayata ko na ci abinci. Yanzu ko kawu ya tambaye ni, sai in ji ina jiran in ji mi shika so."

Na gyara riƙon bokitin, muka ƙarasa. A ƙofar gida ta karɓi bokitinta, ta ce in na koma Gummi in cire ta daga zauren.