Tsinken Uwata a Gefen Tabarma

Ƙarar da na ji wata 'yar ƙas-ƙas ce, irin ta tsinken tsintsiya idan an karya shi. Ina tsince wake a tsakar gidana da ke Tarauni, na waiwaya, ashe 'yar taubashiyata ce take danna kwamfutarta a ƙofar ɗaki. Tana zuwa wurina yin aikin jami'a saboda muna da sola. Na leƙa, sai na ga layuka sun rarrabu biyu-biyu, kowane da ɗan rubutu a bakinsa. Na san wannan zanen tun kafin uwarta ta yi haƙoran girma.

Kin ga, a gidan kakarmu na tashi, a Gyadi-Gyadi, lokacin da in damina ta yi nisa dawa kan rufe bayan gidaje, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika soro. Riƙona aka ba ta. Ni 'yar autarta ce ta haife ni, ita kuwa taubashiyar tawa 'yar babban ɗanta ce, kuma sa'o'i muke. Kin san wasan taubasai: 'yar namiji uwargijiya, 'yar mace baiwa. Ita ba ta ɗauke shi wasan shekara-shekara ba, kullum ne.

Kaka tana da wata ɗabi'a. In baƙo ya zo ya tafi muka tambayi yadda muke da shi, ba ta amsawa da baki. Sai ta zare tsinke daga tsintsiya, ta karya, ta jera a kan tabarma. Dogon tsinke mahaifinta ne, daga shi rassa su fito, daga kowane reshe wasu su fito. In ta zo kan nata 'ya'yan, kullum daga kusa da gwiwarta take farawa, da babban ɗanta, ta yi ta gangarawa. Kafin a iso kan uwata tabarma ta ƙare. Tsinken uwata a kan dajiya, can bakin tabarmar, yake kwana, nawa kuwa a ƙasa tsurarta, inda kaji ke bi.

“Baiwata, ko tabarma ba ki samu ba,” in ji taubashiyata, tana jingine da cinyar Kaka.

Kaka ta yi dariya kawai, ta ce mu tashi mu ɗauko mata goro. Wannan dariyar ce ta zauna mini. Na yi ta auna komai da ita: wa aka fara zuba wa fura, wa aka yi wa kitso da safe kafin hannu ya gaji, wa aka tura aike cikin yayyafi. Na yanke a raina cewa wadda ke kusa da gwiwa ita ce jika, ni cikon jeri ce. Da aka bar ta ta zarce sakandare ni na tsaya a firamare, ban yi mamaki ba. Na ce ai tabarma ta riga ta faɗa.

To ga 'yarta yau da irin zanen a gabana. Ta ce dangantakar ire-iren wake ce, wane ya fito daga tushe ɗaya da wane, kamar yadda binciken ƙwayoyin gadonsu ya nuna. Na ɗora yatsa a kan na can ƙasa na ce, “Wannan shi ne marar gata ke nan.”

“A'a, Inna. Ba a duba sama ko ƙasa. Mahaɗa ake dubawa.”

Ta danna wurin da rassa biyu suka rabu, sai suka juya kamar an juya waina, na ƙasa ya koma sama. Ta ce ba abin da ya canza, wanda ya haɗa tushe da wani yana nan haɗe da shi, shafi ne dai dole wani ya zo farko. Ta sake dannawa, bishiyar ta naɗe ta zama da'ira kamar faifai, tushe a tsakiya, kowa a baki ɗaya. Ta kuma nuna mini wata da ta baje kamar saiwar ciyawa, babu sama babu ƙasa.

Na koma kan wakena ina lissafi a zuci. Daga Kaka zuwa uban taubashiyata, zuwa ita. Daga Kaka zuwa uwata, zuwa ni. Tazarar ɗaya ce. Kada ki ɗauka sanyi na ji. Haushi na ji, cewa wake ya samu faifai ni ban samu ba, kuma duk yaran duniya a rasa wadda za ta buɗe mini ido sai 'yar wannan matar.

Na ce ta zana mini zuriyar Kaka. Ta ce ta yi da'irar? Na ce a'a, ta yi mai layi, ta juya ta, uwata ta hau sama. Na sa aka buga, aka yi mata gilashi, na rataye ta daidai inda taubashiyata ke fuskanta in ta zauna a falona.

Ta zo da sallah. Ta daɗe tana kallo ta saman tabarau, sannan ta ce, “Baiwata, an rataye miki abin nan a kife.”

“Haka masu ilimi suka zana, ranki ya daɗe. Tambayi 'yarki.”

Yanzu gonakin bayan gidan Kaka duk sun zama shaguna, jikokinmu kuma sai an nuna musu hoto a waya suke gane ɗan'uwa. Mu biyu kaɗai muka rage da muka ga wancan jerin. Ta ce sai na sauke, na ce sai dai bayan raina. Tun ranar, duk Juma'a tana gidana, ta zauna ta juya wa bangon baya, mu ci goro.